Shidan da Baba Halidu Bai Shayar Ba

A shekarar da ruwan sama ya yi mana rowa, sojoji kuma suka yi mana kyautar kansu ba mu roƙa ba, ni kiwo nake yi a Yamai. Dabbobina ba su da ƙaho, ba su da wutsiya, kuma garken duka zai zauna a tafin hannu biyu. Gwaggona Tabawa, wadda nake zaune a gidanta a Kirkissoye, in an tambaye ta aikina sai ta ce, "Hamsatu? Tana can labo tana kiwon abin da ba a gani. Shekara bakwai a Faransa, abin da ta ciwo mana ke nan."

Ba ta yi ƙarya ba. Daga hancin mutum har zuwa huhunsa akwai wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta, sun riƙe juna gam kamar tubalin katanga. Shi ke tare ƙazanta da ƙwayar cuta kada su ratsa zuwa jini. A kansa akwai majina, da wasu ƴan gashi ƙanana masu kaɗawa suna share ta waje. Abin da nake son sani shi ne me zafi da busasshiyar iska ke yi wa wannan katanga, har sanƙarau ke samun ƙofa duk bazara. Tunda ba a tsaga ƙirjin mutum don a leƙa, sai a gina katangar a labo, wato ɗakin bincike.

Ana shuka ƙwayoyin a cikin ƴan kofunan roba, kowanne bai fi murfin kwalba ba, gindinsa rariya ce mai laushi. Satin farko ana rufe su da ruwan abinci, ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka, sama da ƙasa. Daga nan sai a tsotse na saman. A bar su suna sha ta ƙasa kawai, samansu yana fuskantar iska kamar yadda yake a ƙirjin mutum. Sai sun ji iska suke tuna ko su wane ne: su matse juna, su fitar da gashi, su yi majina. Abin yana ɗaukar kwana ashirin da takwas a cikin etib, wato akwatin da ke riƙe musu ɗumin jikin mutum.

Da ƴan kwalabe uku na ƙwayoyin na dawo gida, kyautar malamata. Na farko ya mutu ranar da aka ɗauke wuta awa goma sha ɗaya, injin wutar cibiyar bincikenmu kuma ba man gazuwal. Na biyu fumfuna ta cinye. Na uku shi ne na ƙarshe, na raba shi kofuna ashirin da huɗu, kuma yana da kwana tara aka kawo mana sabon darakta.

Kolonel Isaka likitan soja ne, dogo, mai maganar da ba ta son a maimaita ta. Ya zagaya ɗakuna yana buɗe firigon sanyaya kaya kamar mai neman ƴan tawaye a ciki. Da ya iso wurina ya leƙa ta gilashin etib.

"Madmazel, mene ne wannan?"

"Katanga, mon kolonel."

"Ni kofuna nake gani, kuma babu komai a cikinsu."

"Haka suke ga wanda bai sani ba."

Masu rakiyarsa suka dubi ƙasa. Shi kuwa ya dube ni daga ɗankwali har takalmi, sannan ya ce, "A ɗakin da ke kusa da naki, Malam Halidu yana karɓar kashin yara masu zawo daga wuraren ciyarwa, sittin a yini. Etib ɗinsa ta girme ki, da robar taya ake ɗaure ƙofarta. Ke kina da sabuwa kin zaunar da iska a ciki. Kwana nawa kike bukata?"

"Goma sha tara."

"To. Ranar ta ashirin da takwas zan zo. In na ga katanga da idona, etib taki ce. In ban gani ba, a tura ta ɗakin Halidu."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganarsa tana da kai. Na fi son soja ya yi wauta, ya fi sauƙin tsana.

Baba Halidu dattijo ne daga Adar. Shekara talatin yana shuka ƙwayoyin cuta a faranti, tun kafin a yi mini wankan suna. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Ɗiyata, ya garke?" In ce, "Suna gaishe ka." Iyakarta ke nan. Ban taɓa barin kowa ya taɓa kofunana ba, ban kuma taɓa zaunar da kowa na yi masa bayani ba. A ganina wanda bai tsallaka teku ba me zai fahimta?

Watan Mayu ne. A ƙasar da na yi karatu, in wuta ta ɗauke ana tsoron ƙwayoyi su yi sanyi. A Yamai tsoron su dahu ake yi. Ɗakina yakan kai digiri arba'in da huɗu, su kuma talatin da bakwai suke so, wato a wurinmu jikin mutum ma wurin shan iska ne. Famfo ba ya kawowa sai ya ga dama, don haka nake tare ɗan garuwa a bakin titi, in jiƙa buhunan algarara in rataya a taga da bayan etib, in tsaya da murfin kwali ina yi wa akwati fifita. Wata rana sakatariyar darakta ta wuce ta gan ni, ta ce, "Dakta, Allah ya ba mai jego lafiya." Na ce amin, in ta gama shafa jan baki ta zo ta karɓe ni.

A gida kuma tsakar gidan Gwaggo ta cika da danginmu daga ƙauyukan Damagaram, waɗanda rumbunansu suka ƙare tun kafin azumin tsofaffi. Rediyo yana cewa an shawo kan lamarin. Mu dai muna ganin lamarin yana kwance a tabarma a ƙofar ɗakinmu, yana jiran tuwon dare. Gwaggo ta ce, "Su waɗannan naki, in sun girma ana ci?" Na ce a'a. Ta ce, "To ana sayarwa?" Na ce a'a. Ta ce, "Allah mai iko. Ga mai jin yunwa a gida, ga mai ƙoshi a kwalba."

Duk kwana biyu nake sauya musu ruwan ƙasa. Duk kwana huɗu nake auna ƙarfin katangar da wata mita mai ƙafa biyu kamar hantsaki: ƙafa ɗaya a cikin kofi, ɗaya a waje, a ga yadda lantarki ke shan wuya kafin ya ratsa. In lambar ta hau, tubalan sun matse. Ranar ta goma sha biyu na ga ɗari uku. Ranar ta goma sha shida, ɗari biyar da hamsin. Na fara tafiya a baranda kamar wadda ta gaji cibiyar.

Ranar ta ashirin, Alhamis, ranar shayarwa ce. Na fito da sassafe na tarar an gindaya motar soja a bakin gadar da nake hayewa kullum zuwa aiki. An ce ɗalibai na shirin maci, don haka duk wanda ke hayin kogi ya zauna hayinsa. Na ratsa masu kekuna da masu tallan salati na isa gaban wani saje, na nuna masa katin aikina.

"Kala suru, madam," ya ce da Zabarmanci, wato sai haƙuri.

"Haƙurin na sha shi tun a nono. Ina da masu jira na a labo, in ban je ba za su mutu."

"Su nawa?"

"Ashirin da huɗu."

"Ƴaƴanki?"

"Nawa ne."

Ya juya ya gaya wa abokansa, suka yi dariya har ɗaya yana dafa bindiga. Ya ce, "Madam, ki koma gida ki huta. Mai ƴaƴa ashirin da huɗu ta cancanci hutu."

Na koma gefe na kira Baba Halidu a salula, shi da yake Bobiel yake zaune, babu kogi tsakaninsa da aiki. Na ce, "Baba, kwalbar jan ruwa tana firigo, hawa na biyu. Ka ɗumama ta, ka zubar musu da tsohon, ka ba su sabo. Ka wanke hannu da alkol, don Allah." Ya ce, "Ɗiyata, shekara talatin..." Na ce, "Na sani, Baba. Ka ba su ruwansu kawai." Na kashe, don ina sauri in koma in ci gaba da yi wa saje rashin kunya.

Jumma'a ma ba a buɗe ba. Asabar da hantsi na ce ko gada ta uban wani ce, kogin dai na Allah ne. Na bi wasu mata masu kai kabewa kasuwa, muka yi sama da gari zuwa inda ruwan ya janye ya bar yashi fili guda. Farin da ya kashe gero shi ya ba ni hanya. Na ɗaure farar rigar aikina da takalmi a ka, na shiga bayan wasu shanu da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ruwan ya kawo mini ƙugu, laka tana riƙe ƙafa kamar mai bin ba'asi. Wata daga cikin matan ta ce, "Ke ma kasuwa?" Na ce, "A'a, digiri ne ya kawo ni."

Na isa labo zane yana ɗiga. Baba Halidu ya tarbe ni a baranda fuskarsa fal murna.

"Kin iso? Garkenki lafiya lau. Sai dai ki yi mini gafara kan guda shida."

"Me ya sami shida?"

"Ruwan ne ya ƙare ban kai gare su ba."

Na buɗe etib na jawo farantin farko. Kowane kofi cike yake da jan ruwa har baki. Na biyu haka. Na uku haka. Kofuna goma sha takwas, waɗanda na yi kwana goma sha uku ina koya musu shaƙar iska, an nutsar da su tun ranar Alhamis. A faranti na huɗu ne kawai na ga shida samansu a bushe, suna ƙyalli da ƴar majinarsu.

"Baba, me ka yi?"

"Na ba kowa ta ƙasa, yadda na hango kina yi. Sai na duba na ga samansu ƙayau. Na ce yarinyar nan garin sauri ta manta. Na bi su ɗaya ɗaya ina cikawa, har kwalba ta ƙare."

Na sa ɗaya a madubin ƙara girma. Gashin da ya fara fitowa ya kwanta, tubalan sun saki juna, wasu sun taso suna yawo kamar ƙaiƙayi a kan ruwa. Na sa mita: ɗari da arba'in. Na ɗago na ce masa abin da har yau in na tuna nakan ji kunya a tafin ƙafata.

"In etib ɗin kake so, Baba, ai da ka faɗa. Ba sai ka yi wahalar ɗumama ruwa ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ƙanena ya kira ni ran Laraba daga gida," ya ce. "Shanu talatin da ɗaya, saura huɗu. Ya ce bakin rijiya suke zuwa su kwanta. Washegari na buɗe akwatin nan na ga abu mai rai, samansa a bushe, ga kwalbar ruwa a hannuna. Ke da kika yi karatu, gaya mini yadda ake rufewa a tafi."

Na mayar da kofin cikin farantinsa.

"Kuma duk abin da na shuka a rayuwata, in ya bushe ya mutu. Wa ya taɓa ce mini akwai wanda ruwa ke kashewa? Ke kin ce mini? Kullum suna gaishe ni, suna gaishe ni. Gaisuwa dai na sha."

A gidanmu ba a koya mana ba da haƙuri da baki ba, kuma ba ranar zan fara ba. Na jawo kujera na ajiye a gaban madubi, na ɗauko ɗaya daga cikin shidan, na ce, "Zauna, Baba." Ya sa ido ya daɗe. Sai ya ce, "La ilaha illallahu. Motsi suke yi." Na ce, "Waɗanda ka nemi gafara a kansu ke nan." Na yi masa bayani tun daga farko, abin da bai ɗauke ni minti goma ba, ya kuma gane tun ban kai rabi ba. Wannan ma ya ba ni haushi.

Saura kwana shida, ruwan abinci kuma babu. Na bi kofuna goma sha takwas ɗin na tsotse abin da ya zuba musu, na tace, na mayar kwalba. Da shi na ci gaba da shayar da shidan, ta ƙasa, da awo kamar rabon tallafi. Biyu daga cikin nutsattsun na bar su a gefe ban zubar ba. In wuta ta ɗauke, Baba Halidu yakan baro farantansa ya zo ya karɓi murfin kwali. Muna fifita akwatin da in na cikinsa suka mutu nasa ne.

Ranar ta ashirin da takwas Kolonel ya zo da ƙarfe goma daidai, da soja biyu a bayansa, ko da ƙwayoyin za su yi yunƙurin juyin mulki. Baba Halidu ya tsaya a bakin ƙofa.

Na ajiye kofi biyu a gabansa, ɗaya daga shidan, ɗaya daga nutsattsun. Na ɗiga wa kowanne shuɗin ruwa a sama, na ce ya dubi agogonsa. Kafin minti ashirin ruwan da ke ƙarƙashin nutsattsen ya rine ya koma kalar bula. Na ƙarƙashin ɗayan yana nan ja, ko ɗigo bai ratsa ba. Na sa mita ya karanta da bakinsa: ɗari takwas da sittin.

"Wannan ita ce katangar, mon kolonel. Waccan kuma ita ce ƙirjin da sanƙarau ke so."

Ya cire hula ya sunkuya a madubi. Na san abin da yake gani: fili guda na ƴan gashi suna kaɗawa gefe ɗaya, kamar gonar gero da iska ta biyo ta kanta, irin gonar da babu wanda ya gani a ƙasar nan bana. Ya daɗe fiye da yadda mai muƙami ya kamata ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya mayar da fuskar aiki.

"Ashirin da huɗu na gani ran nan. Ina sauran?"

"Sun mutu."

"Wa ya ɓata kayan gwamnati?"

Na ji Baba Halidu ya gyara murya a bayana. Na riga shi.

"Gada ce, mon kolonel. Kwana biyu tana rufe. An tsare ƙasa daga ɗalibai, an kuma yi nasara, goma sha takwas sun faɗi."

Ɗaya daga cikin sojojin ya ɗaga gira. Kolonel ya dube ni irin kallon da ake yi wa takardar da ba a yanke shawarar sa mata hannu ko yaga ta ba.

"Madmazel, bakinki ya taɓa kai ki wani wuri?"

"Ya kai ni Faransa, ya dawo da ni."

Ya yi wani sauti ta hanci, ban sani ba ko dariya ce. Ya ce, "Na ce in na gani taki ce. Na gani. Etib taki ce. Ke kuma ta Halidu ce, kullum daga azahar zuwa la'asar, har yaran nan su daina zawo. Tunda kina da ƙarfin fifita akwati, kina da ƙarfin shuka faranti."

Na ce, "Na ji."

"To waɗannan shida, in kin gama da su fa? A sake aikawa Faransa?"

"Ba sai an je ba. Kowa yana yawo da irin a hancinsa. Ɗan buroshi ne siriri, a sa a murza, a shuka abin da ya fito. Mutane nake bukata masu yarda, da izini. Takardar neman izinin tana kan teburin biro ɗinku tun watan Maris, ina jin tana hutawa."

Litinin da safe takardar ta sauko da sa hannu, shi kuma yana biye da ita. Ya ce a soja ba a tura mutane inda shugaba bai taka ba. Ya karanta takardar yarda har ƙasa, ya sa hannu, ya zauna a kujerata ya ɗaga kai sama. Baba Halidu ya riƙe kwalbar da za a saka buroshin.

"Da zafi?" in ji Kolonel.

"Kaɗan. Kala suru, mon kolonel."

Na zura buroshin, na murza sau biyar yadda littafi ya ce, ban ƙara ko ɗaya ba, Allah ne shaidata. Hawaye suka zubo masa shar, ta ido biyu, har kan anininsa. Sojan da ke bakin ƙofa ya juya yana karanta bango.

Baba Halidu ya rufe kwalbar ya miƙo mini, ya ce a hankali, "Ɗiyata, wannan ma sama a bushe?"

"Bayan sati ɗaya, Baba. Yanzu ka cika masa har baki."